Tarihin Rudolf Dizal, Bajamushen da Injinsa Ya Sha Man Gyaɗa

Duk inda mutum ya bi cikin ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har ya dangana da Babura a bakin iyaka, ba ya rasa jin ƙugin injin niƙa a bayan kasuwa, ko ya ga tarakta tana huɗa, ko babbar mota ta ɗauko buhuna tana nishi bisa hanya. Waɗannan duka cikinsu iri guda ne, abincinsu kuma guda ne, watau man gas, wanda waɗansu ke kira dizal. Mutane da yawa suna tsammani dizal sunan mai ne kawai, kamar kananzir ko fetur, alhali kuwa sunan mutum ne, wani Bajamushe da a ke kira Rudolf Diesel, mu kuma harshenmu ya mai da shi Dizal. Na ga ya kyautu in kawo wa 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu tarihin mutumin nan, gama akwai wani wuri a cikinsa inda ya gamu da gyaɗa, gyaɗa kuwa ba wanda zai gaya mana ko mece ce.

An haifi Dizal a birnin Faris ran 18 ga watan Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne, neman abinci ya kai su Faransa. Uban, sunansa Theodor, ɗinkin littattafai ya koya, amma a Faris kayan fata ya ke yi, watau dai baduku ne, ba kuwa mai wadata ba. Rudolf shi ne na tsakiya cikin 'ya'yansa uku. Ya tashi yana taimakon ubansa a rumfa, yana tura baro cikin titunan birni yana kai wa masu saye kayansu. In ya sami sarari sai ya tafi wani gida a nan Faris inda a ke ajiye injuna na da da na yanzu don kallo, ya zauna yana zana siffarsu cikin littafinsa. Tun daga nan ya ga yadda ƙaramin mai sana'a ke shan wuya in manyan gidajen ƙira sun tsaya masa a gaba, abin nan kuwa bai fita daga zuciyarsa ba har ya girma.

Cikin shekarar 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus, aka ce duk Bajamushen da ke Faris ya fita. Theodor ya kwashe iyalinsa suka ƙetare zuwa Landan hannu wofi. Da ya ga ba shi da halin karatun yaro a can, sai ya tura shi, yana ɗan shekara 12, zuwa wani gari na Jamus da a ke kira Augsburg, wurin wani ɗan'uwansu, Christoph Barnickel, malamin lissafi a makarantar koyon sana'a. Malamin nan da matarsa suka riƙe yaro kamar ɗan cikinsu. Mu da mu ke koyon aikin malanta ya kamata mu lura da wannan wuri, don da Barnickel ya dubi nauyin tuwo ya mai da yaron, da wataƙila ba mu taɓa jin sunan Dizal ba. Yana shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda ya shaida musu shi injiniya zai zama. A 1873 ya fita na ɗaya a ajinsu, a 1875 kuma aka ba shi taimakon kuɗin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta birnin Munik, ko da ya ke iyayensa sun fi so ya kama aiki ya taimake su.

A Munik ya zauna gaban wani babban malami, Carl von Linde, gwanin ilmin zafi da sanyi, wanda ya ƙago wani injin yin ƙanƙara. A zamanin nan injin tururi shi ne sarkin injuna, shi ke jan jirgin ƙasa da na ruwa, shi ke juya masaƙu. Ana hura wutar kwal ƙarƙashin wata babbar tukunya, ruwa ya tafasa, ƙarfin tururin ya tura ƙarfe. Wata rana cikin 1878 Linde ya bayyana wa almajiransa cewa cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da injin tururi ke mayarwa aiki bai wuce kashi 6 zuwa 10 cikin 100 ba, saura duk ya bi iska. Kamar mutum ne ya sayo dami goma na itace, ɗaya kaɗai ya dafa masa tuwo, tara suka ƙone a banza. Ya kuma karanta musu hisabin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna da lissafi cewa gwargwadon yawan zafin da aka kai cikin inji, gwargwadon aikin da za a samu. Dizal ya rubuta a gefen littafinsa cewa sai ya bincika ko za a iya ƙera injin da zai bi wannan hisabi. Ɗan rubutun nan shi ya zama aikin ransa duka.

Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi a 1879, ya hana shi jarrabawa tare da 'yan ajinsu. Da ya warke bai zauna ba, sai ya tafi gidan ƙira na Sulzer a ƙasar Suwizalan ya koyi aikin hannu, ya san guduma da magagari kamar kowane maƙeri. A watan Janairu na 1880 ya ci jarrabawarsa da daraja mafi girma, ya koma Faris yana yi wa malaminsa Linde aiki a gidan yin ƙanƙara, cikin shekara guda ya zama shugaban gidan. A 1883 ya auri wata mace, Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana aikin sanyi, da dare yana tunanin zafi. Ya fara gwada wani inji mai aiki da iskar amoniya maimakon tururi, injin ya fashe, saura kaɗan ya hallaka shi, ya yi watanni a asibiti, idanunsa kuma ba su koma daidai ba. Wani da sai ya ce ya tuba, amma shi sai ya sake hanya.

Ga dabarar da ya tsaya a kai, ba ta kuwa da wuyar ganewa. Kowa ya taɓa ba keke iska ya san in an daɗe ana bugawa, gindin famfon ya kan ɗauki zafi, don iska in aka matse ta zafi ta ke yi. Dizal ya taɓa ganin wani ɗan bututu a makaranta wanda a ke kunna wuta da shi ta haka: a sa ɗan abu mai saurin kamawa a ƙasansa, a danna sanda da ƙarfi sau ɗaya, sai wuta ta kama ba ashana ba ƙyastu. To, sai ya ce a ransa a yi inji bisa wannan. Fistan ya zuƙo iska zalla cikin silinda, ya komo ya matse ta har ta wuce digiri 500 na zafi, sa'an nan a feso mai cikinta. Man yana shiga sai ya kama da kansa, ƙarfin ƙunar ya tura fistan ƙasa, fistan ya juya ƙafar inji. Ba tukunyar ruwa, ba murhu, ba fulogi irin na injin fetur. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, tun da zafin iska ke kunna man, injin nan ba ya tsananta zaɓen abinci. Duk man da za a iya fesawa ya ƙone, yana iya gwada shi.

A watan Fabrairu na 1892 ya kai dabararsa ga hukuma a Balin, ran 23 ga Fabrairu, 1893 aka ba shi takardar shaida cewa tasa ce. A wannan shekara ya buga littafi yana bayyana hisabinsa, ya kuma nuna fatansa cewa ƙaramin inji mai arhar mai zai ba maƙeri da masassaƙi da baduku ƙarfin da za su tsaya da ƙafafunsu, kada masu manyan tukwanen tururi su haɗiye su. Amma takarda ba ta juya ƙarfe, sai da kuɗi. Ya yi ta neman mai taimako ana juya masa baya, har Heinrich von Buz, shugaban gidan ƙira na Augsburg, wanda daga baya aka san shi da sunan MAN, ya yarda ya ba shi ɗaki da ma'aikata, gidan Krupp kuma suka sa hannu da kuɗi.

Ran 10 ga Agusta, 1893 aka fesa mai cikin inji na fari. Ya kama da irin ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke bisansa, gutsattsarin ƙarfe suka wuce kusa da kawunan mutane. Injin bai yi tafiya ba, amma ya nuna iska matsattsiya tana kunna mai. Sai ran 17 ga Fabrairu, 1894 ya juya da kansa, na minti guda kaɗai. Aka yi ta kwancewa ana ɗaurawa. Matsin da Dizal ya lissafa da fari ya fi ƙarfin abin da ƙarfen zamanin zai iya ɗauka, tilas ya rage shi, ya bar waɗansu sassa na hisabinsa da gwaji ya ƙaryata. Fesa mai cikin iska mai matsi haka shi ya fi ba su wahala, daga ƙarshe suka koma hura shi ciki da wata iska da ta fi ta cikin silinda ƙarfi. Masu hikima sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ran 17 ga Fabrairu, 1897 wani malami daga Munik, Moritz Schröter, ya auna injin a gaban shaidu, yana shan kananzir, aka ga yana mai da kashi 26 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, watau ya ninka injin tururi fiye da sau biyu.

Nan da nan labari ya game Turai da Amurka. Attajirai suka yi ta zuwa sayen iznin ƙera injin. Adolphus Busch na Amurka ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, Emanuel Nobel ya kai shi Rasha, waɗansu suka kai shi Ingila da Danmak. Ɗan baduku mai tura baro ya wayi gari cikin masu dukiya, ya gina babban gida a Munik. Amma daɗin bai zo shi kaɗai ba. Injunan fari da aka sayar da yawa suka riƙa lalacewa a hannun masu su, don an yi gaggawar kai su kasuwa, ana ta komo da su. Gajiya da ciwon kai suka taru masa har a 1898 aka kwantar da shi a gidan jinya.

Yanzu mun iso wurin da ya shafe mu. A shekarar 1900 aka yi babban bikin nuna kayan fasaha na duniya a Faris, garin haihuwarsa, injin Dizal kuwa ya sami kyauta mafi girma. Cikin injunan da aka jera akwai wani ƙarami wanda kamfanin Otto na Faransa ya ƙera. An yi shi ne don man ƙasa, amma gwamnatin Faransa ta roƙa a zuba masa man gyaɗa a gani. Aka zuba, ba a canza masa ko ƙusa ɗaya ba, ya yi ta aiki lafiya lau, har mafi yawan masu kallo suka wuce ba su san abin da ya ke sha ba. Dalilin Faransawa a fili ya ke. Suna mulkin ƙasashe masu faɗi a Afirka ta Yamma inda gyaɗa ke yi ƙwarai, tun ba Sanagal ba, kuma ba su da kwal ko man ƙasa a can. Kawo mai daga Turai, a hau da shi cikin ƙasa bisa kan mutane da dabbobi, tsadarsa ba ta misaltuwa. Suka ga in inji zai sha abin da gona ta ba da, to, an huta. Amfanin mulkinsu su ke dubawa, amma abin da gwajin ya nuna gaskiya ne ko a hannun wa ya ke.

Sau da yawa a kan ji ana cewa wai Dizal don man gyaɗa ya ƙago injinsa. Ba haka ba ne. Shi da fari garin kwal ya ke tunani, sa'an nan kananzir da ɗanyen man ƙasa da man kwalta. Gwajin Faris ma ba da hannunsa aka yi ba. Amma da ya ga abin, ya gane nauyinsa fiye da waɗanda suka yi shi. Daga baya ya maimaita gwajin da kansa yana aunawa, ya tarar inji ya kan ci man gyaɗa fiye da man ƙasa kaɗan kafin ya ba da aiki guda, don zafin da ke cikinsa bai kai na man ƙasa ba. Ya kuma ba da labarin an gwada man zurma da kitsen dabbobi a Rasha an dace. A 1912 ya tsaya gaban taron injiniyoyi a Landan, ya bayyana musu cewa ko da ya ke man tsiro ƙaramin abu ne a idonsu a lokacin, wata rana yana iya zama da muhimmanci kamar man ƙasa, domin rijiyar mai tana ƙafewa, gona kuwa kowace damina rana da ruwa suna sabunta ta. A ganinsa ƙasa mai noma tana iya noma ƙarfin injunanta kamar yadda ta ke noma abincinta.

Abin mamaki, shekarar nan ta 1912 ita ce shekarar da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko don ɗaukar kaya, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu, amma manoma suka duba kuɗin da a ke biya, suka kuma tuna in kasuwa ta faɗi gyaɗa ana ci, auduga kuwa ba a ci, sai suka zaɓi gyaɗa. Jakuna da raƙuma suka riƙa kwararowa Kano da buhuna daga ƙasashen arewa da ita, har da namu, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye, har aka kai ga tara dalar gyaɗa a bakin tasha. Gyaɗar nan ta ƙetare teku aka matse ta a Turai, aka yi man girki da sabulu, tunkuzar aka ba shanunsu. Watau a lokacin da mutumin nan ke gaya wa Turawa ƙasar gyaɗa tana iya juya injunanta da man gonarta, mu muna loda man a jirgi ɗanye, daga baya muka komo muna sayen man gas da kuɗin.

A waje ɗaukakar Dizal ƙaruwa ta ke yi. A 1912 jirgin ruwa mai suna Selandia, wanda aka ƙera a Danmak, ya tafi har Gabas mai nisa da injin Dizal, ba kwal ba masu hura wuta. A shekarar nan ya ziyarci Amurka aka karɓe shi da girma, ya gana da Edison. Amma a ciki abin ya lalace. Gwanin lissafin inji bai iya lissafin kuɗi ba. Ya zuba dukiyarsa cikin cinikin filaye da haƙar mai da ba su haifar da kome ba. A 1903 ya buga wani littafi, Solidarismus, inda ya tsara yadda ma'aikata za su tara kwabo kwabo su mallaki gidajen ƙira da kansu, yana ganin wannan ya fi injin daraja, amma 'yan ɗaruruwa kaɗan aka saya. Waɗansu injiniyoyi kuma suka tashi suna cewa injin da ke aiki ba shi ne wanda ya rubuta cikin takardarsa ta fari ba, ma'aikatan Augsburg ne suka gyara shi. Don amsa musu ya rubuta tarihin yadda aka yi injin, aka buga a 1913. Ƙaramin injin da ya yi wa masu sana'a fata kuwa bai samu ba a zamaninsa, don famfon iskar da ke hura mai babba ne mai nauyi, sai manyan gidaje da jiragen ruwa ke iya sayensa.

Ran 29 ga Satumba, 1913 da maraice ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, za shi Ingila taron wani kamfani mai ƙera injinsa. Ya ci abinci tare da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe 10 na dare ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi da ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta bisa gadonsa ba, hularsa da rigarsa ta sanyi suna ajiye a bakin jirgi. Bayan kwana goma waɗansu matuƙa 'yan Holan suka tsinci gawa a teku, suka ɗebe 'yan kayan da ke aljihu suka mai da ita ruwa, ɗansa Eugen ya duba kayan ya shaida na ubansa ne. Da aka buɗe takardunsa aka ga dukiya ta ƙare, sai bashi. Mafi yawan masu rubuta tarihinsa sun tafi a kan shi ya jefa kansa saboda bashi da ciwo, waɗansu kuma suka ce kashe shi aka yi don yaƙi ya matso, amma ba su kawo shaida ba. Allah shi ne masanin gaibu. Ya rasu yana da shekara 55.

Injin bai mutu da shi ba. Yaƙin 1914 ya sa shi cikin jiragen yaƙi masu nutso, aikin da ya yi nisa da rumfar baduku. A 1927 gidan Bosch ya fito da ƙaramin famfo mai fesa mai ba tare da iska ba, daga nan injin ya ƙanƙance, ya shiga manyan motoci da taraktoci, har ya iso ɗakin niƙa na ƙauye, inda burin mai shi ya cika bayan ba ya nan. Man ƙasa ya yi arha, matatun mai suka ware wani kashi don injin nan suka sa masa sunansa, aka manta da gyaɗa. Ba a kan tuna da man tsiro ba sai ran wuya. A 1937 wani malami a Beljiyam, Chavanne, ya sami hanyar tsinka manja ya yi ruwa-ruwa kamar man gas, a 1938 aka tuƙa motar fasinja da shi tsakanin Brussels da Louvain. Lokacin yaƙin duniya na biyu ƙasashe irin su Sin da Barazil suka koma ga man tsiro da man ƙasa ya yanke musu. Da man ƙasa ya yi tsada a 1973 aka sake tono maganar. A 2023 Indunusiya ta sa doka cewa kashi 35 cikin 100 na man gas ɗinta daga manja za a yi shi, a Turai kuma har man da aka gama suya da shi a ke tarawa a tace a zuba wa motoci.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya juye kwalbar man gyaɗa cikin injin ubansa. Injin 1900 mai tafiya sannu ne, iska mai ƙarfi ke watsa masa mai. Na yanzu kuwa ta ƙananan kafofi kamar bakin allura a ke fesawa, man gyaɗa kuma ya fi man gas kauri wajen sau goma, da sanyin hunturu ma har barci ya kan yi. Mai kauri ba ya fesuwa sosai, ba ya ƙonewa duka, sai ya bar baƙin dauɗa a bakin nozul da zoben fistan, ya zurara cikin baƙin mai ya ɓata shi. Masu yi da sani hanya biyu su ke bi. Ko dai a ta da inji da man gas, a ɗumama man tsiron da zafin injin har ya tsinke sa'an nan a juya masa, a kuma koma ga man gas kafin a kashe. Ko kuwa a gauraya man da wani sinadari mai suna metanol da 'yar soda, mai kaurin ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama a wanke. Wannan aiki ɗan'uwan dafa sabulu ne, amma metanol guba ne, yana makantarwa, yana kuma kama wuta, ba abin wasan yara ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dalar gyaɗa ta tafi tun bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuma man ƙasa da aka samu a Oloibiri a 1956 ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Gyaɗar da a ke nomawa yanzu ta miya ce da ƙuliƙuli, ita ce jarin matan aure cikin gidaje, kwalbar manta kuma galibi ta fi ta man gas tsada. Wanda ya ɗauke ta daga bakin yara ya ba inji bai yi dabara ba. Haka riɗi, kasuwa ta fi inji biyansa. Inda ya kamata a duba shi ne man da ba a ci, kamar na zurma, da na bini-da-zugu wanda mu ke shinge da shi dabbobi ba su taɓa shi, da kuma man da masu ƙosai suka gama da shi. A garin Garalo na ƙasar Mali, wajen 2007, an kafa injunan lantarki da aka shirya su sha man bini-da-zugu. Amma manyan gonakinsa da aka buɗe a ƙasashe da yawa sun faɗi, don an zaci zai yi 'ya'ya da yawa a ƙasa marar taki da ruwa, bai kuwa yi ba. Saboda haka kome sai an gwada an auna a nan ƙasarmu, ga shi kuwa muna da makarantar fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, inda irin wannan awo ya dace.

'Yan'uwa, mu da za mu fita mu riƙe aji, abin da za mu ɗauka daga mutumin nan a bayyane ya ke. Malami ne ya riƙe shi yana ɗan gudun hijira, malami ne kuma ya jefa masa tambayar da ya yi shekara 19 yana amsawa. Da hisabinsa ya saɓa da abin da gwaji ya nuna, gwajin ya bi. Dukiyar da ya tara ta watse tun yana da rai, aikin da ya yi kuwa yana niƙa mana hatsi har yau. Yaron da ke zaune gabanmu, ɗan manomi ko ɗan maƙeri, ya san gyaɗa da zurma da bini-da-zugu tun kafin ya san alli. In muka koya masa auna abu da lissafa shi, muka kuma sa shi ya riƙa tambayar ina sauran dami tara suka tafi, to, mun yi abin da aka ɗauke mu mu yi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa albarka cikin gonakinmu, amin.